Faliyomaganetizim: ni dai na tsaya a kan "bin sawun maganaɗisu"

1/ Jama'a, salamu alaikum. Kwana uku ke nan wata kalma ta tsaya mini a maƙoshi. Ina shirya darasin kimiyya da Hausa a kan yadda aka gano cewa ƙasan teku buɗewa take yi, sai na ci karo da faliyomaganetizim. Na karanta ta a fili sau biyu, ƙaramar 'yata ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Baba, maganin me ne?" Nan na san ba za ta shiga darasina a haka ba.

2/ Rabinta na baya ba rigima. Maganaɗisu muna da shi tun kaka da kakanni, daga Larabci muka aro shi har ya zama ɗan gida, wasu kuma su ce mayen ƙarfe. Rabin farkon kuwa Girkanci ne, ma'anarsa tsoho. Larabawa ba su wahalar da kansu ba, suka ce almagnaɗisiyya alƙadima suka wuce. Mu ma muna iya yin haka, amma ku dakata. Ba a raɗa suna sai an ga jariri.

3/ Wanda ya taɓa ɓalle maganaɗisun tsohuwar lasifikar rediyo yana yaro, ya ɗaura masa zare yana jan sa cikin yashin kwari bayan ruwa ya ɗauke, ya san baƙin garin nan da ke manne masa tsaye cirko-cirko kamar gashin bushiya. Yawancinsa ma'adinin ƙarfe ne da ake kira maginetayit. Shi ne ɗan wasan gaba a wannan labari.

A tsakiyar tekun Atilantika akwai wani dogon tsauni a nutse, tsage ta tsakiya. Narkakken dutse yana ɓulɓulowa ta tsagar, ruwan sanyi ya tarbe shi ya daskare. Muddin zafin maginetayit ya haura digiri 580 a ma'aunin Salshiyos, ba ya riƙe maganaɗisu. Irin wanda ke cikin dutsen teku ma, da yake gauraye yake da titaniyam, iyakarsa ba ta kai haka ba. Da zarar zafin ya sauko ƙasa da iyakar, sai maganaɗisun cikin ƙwayar ya daidaita da na duniya yadda yake a wannan lokacin, ya kafe a nan. Shekara miliyan hamsin ta wuce, yana nan yana nuna inda ya nuna ranar da ya huce.

4/ Hanya ta biyu ta laka ce, kuma ba wuta a cikinta. Ƙwayoyin ma'adinin suna nutsewa a hankali daga saman ruwa, kowace tana juyawa kamar ƙaramar allurar kamfas, har ta kwanta a ƙasa, wata lakar ta danne ta, ta kasa motsi. Ku riƙe wannan, zai kayar da ɗaya daga cikin sunayen da ke takara.

5/ To me ya sa abin ya zama ilimi mai zaman kansa? Saboda duwatsun ba su yarda da juna ba. A 1906 Bernard Brunhes ya auna dutsen aman wuta da gasasshen yumɓun da ke ƙarƙashinsa a tsakiyar Faransa, ya tarar suna nuna kudu inda ya kamata su nuna arewa. A 1929 Motonori Matuyama na Jafan ya lura cewa masu nuna kudun sun girmi masu nuna arewa. Ashe maganaɗisun duniya juyawa yake yi, arewa ta koma kudu. Na ƙarshe ya faru shekara kusan 780,000 da suka wuce. Ba shi da ƙa'idar lokaci: wani zubin 'yan ɗaruruwan dubban shekaru, wani zubin kuma, kamar a wani tsohon zamanin duniya da ake kira Kiretashiyos, ya shafe shekara fiye da miliyan 30 bai motsa ba.

A 1963 Fred Vine da Drummond Matthews na Jami'ar Kambirij suka haɗa wannan da ratsi-ratsin maganaɗisu da jiragen ruwa ke aunowa a ƙasan teku, wannan ratsi arewa, na kusa da shi kudu, kamar zanen saƙi. Suka ce in ƙasan teku tana haihuwa a tsagar tana matsawa gefe da gefe, dole ratsin dama ya zama tagwayen na hagu. Lawrence Morley na Kanada ya yi wannan tunani shi ma a shekarar, mujallu biyu suka mayar masa da takardarsa. Allah sarki.

6/ Amma auno daga saman ruwa kamar jin ƙamshin miya ne daga zaure. Sai an kai hannu tukunya. Jirgin haƙa mai suna Glomar Challenger ya fara aiki a 1968, kuma a tafiyarsa ta uku ya tashi daga Dakar a watan Disamba, ya ratsa kudancin Atilantika yana huda rami bayan rami har Birazil. Daga burbushin ƙananan halittun da ke cikin lakar da ta kwanta kai tsaye a kan dutse aka ƙiyasta shekarun kowane wuri. Duk nisan rami daga tsaunin, duk tsufansa, wato ƙasan tekun tana matsawa wajen santimita 2 a shekara, daidai da abin da ratsin maganaɗisu ya faɗa. Daga 1985 zuwa 2024 wani jirgin haƙa, JOIDES Resolution, shi ne ya ɗauki ragamar aikin.

Yanzu ga 'yan takara.

7/ "Tsohon maganaɗisu." Shi ne fassarar kai tsaye, kuma shi ne ya fara zuwa bakin kowa. Na gwada shi a kan wani maƙwabcina mai gyaran rediyo, ya ce, "Ai Malam ina da su cike da gwangwani, nawa kake so?" Gaskiyarsa. A kunnen Bahaushe tsohon maganaɗisu ƙarfe ne da ya sha jiki. Dutsen teku kuwa ba shi ne abin nema ba, labarin da ya riƙe ake so.

"Maganaɗisun dauri" ya fi daɗi, amma rabin masu rubutu a waya ba sa sa ƙugiya, ba za a bambance dauri da ɗauri ba, ga kuma daurin da ake ba jarirai. Na ajiye shi.

"Daskararren maganaɗisu." Wannan na so shi kwana guda cur. Ya dace da narkakken dutse ɗas. To laka fa? Ba ta narke ba balle ta daskare. Sunan da ya bar rabin iyali a waje bai yi ba.

8/ Wata malamar makaranta ta turo mini "alƙiblar dutse". Malama, na jinjina miki, domin a Hausar yau alƙibla ta zama inda mutum ya fuskanta, har a siyasa ana cewa wane ya sauya alƙibla. Sai dai ka tsaya gaban 'yan aji uku ka ce alƙibla ta juya sau ɗaruruwa a tarihin duniya, ka ga in darasin zai kai ƙarshe lafiya. Kalmar tana da nauyin da bai kamata a ɗora mata wannan kaya ba.

9/ Ga inda na tsaya. Abin da dutse ko laka ya riƙe, mu kira shi sawun maganaɗisu. Ilimin karanta shi kuma, bin sawun maganaɗisu. Mai yin sa, mai bin sawun maganaɗisu.

Ba don zaƙin baki na zaɓe shi ba. Ku tuna da mai bin sawu in an kore shanu da dare. Ya durƙusa a bakin fadama inda laka ta bushe. Bai ga saniyar ba, ta daɗe da wucewa, amma zai gaya maka inda ta dosa, ya dubi zurfin sawun ya ce babba ce ko maraƙi, ya dubi bushewarsa ya ce jiya ne ko shekaranjiya. Abu ukun nan su ne ake nema a sandar dutsen da aka haƙo: ina maganaɗisun duniya ya fuskanta, yaya ƙarfinsa yake, kuma yaushe. Sannan ba ma bukatar liƙa masa "tsoho", domin sawu ba ya zama sawu sai mai shi ya wuce.

10/ Abin da ya ƙarasa gamsar da ni shi ne matsalar da ta fi damun masu aikin a cikin jirgi. Bari in ɗan tsaya a nan.

Sandar laka ko ta dutse tana fitowa da tsawon mita 9 da rabi. A yanka ta gaɓa-gaɓa kamar rake, kowace gaɓa mita 1 da rabi, sannan a tsaga ta biyu a tsaye. Ɓari ɗaya na ajiya ne, shi ake turawa ta cikin na'urar awo. Ɗaya ɓarin na aiki ne, daga shi ake yankar samfuri. In laka ce mai taushi, wani ɗan akwatin roba ake dannawa a ciki, bai fi dunƙulen Maggi da yawa ba, da kibiya a jikinsa mai nuna saman rami. Wanda barci ya ɗauka ya kifa kibiyar nan, ya ƙirƙiro wa duniya juyin da ba ta yi ba.

Amma bututun haƙar ƙarfe ne, tsawonsa kilomitoci, shi kansa ya zama maganaɗisu. Kafin sandar ta iso sama, bututun ya riga ya buga mata nasa tambarin, mai nuna ƙasa tsaye, wanda sau da yawa ya fi na asalin ƙarfi. Me Bahaushe ya ce? Sawun giwa ya taka na raƙumi. Ban san wata jimla da ta fi wannan bayyana abin ba. Aikinsu na farko shi ne share sawun giwar: a sa samfurin cikin maganaɗisu mai kai-komo, a ƙara ƙarfinsa kaɗan-kaɗan, ana aunawa bayan kowane mataki, har na bututun ya goge, na raƙumin ya fito. Da "tsohon maganaɗisu" ba ka da bakin faɗin wannan. Da sawu kuwa, kalmomin na nan a jere suna jira: taka sawu, share sawu, ɓad da sawu. Wancan na ƙarshen shi ne abin da haƙar murɗawa ke yi wa laka mai taushi, ta dama ta kamar kunu. Sai a ƙarshen shekarun 1970 aka fara caka bututu da ƙarfin ruwa ba tare da murɗawa ba, lakar ta riƙa fitowa shimfiɗa-shimfiɗa yadda ta kwanta.

11/ Wani ya ce, to ai sawu a kwance yake a ƙasa, wannan kuwa har sunkuyo yake nunawa. Haka ne, kuma sunkuyon ya fi amfani ma. Sandar tana juyawa a cikin bututu, sau da yawa ba a san ina ne arewarta ba, amma sama da ƙasa ba sa ɓata. Allurar da aka rataya ta tsakiya tana tsayawa tsaye a ƙuryar arewacin duniya, a nan ƙasar Hausa kuwa kusan a kwance take. Saboda haka sunkuyon sawu yana faɗin nisan wurin daga ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, lokacin da dutsen ya huce.

A 2001 JOIDES Resolution ya huda jerin tsaunukan da ke nutse a arewa maso yammacin Fasifik, waɗanda murhun da ke ƙarƙashin tsibiran Hawayi, wato wurin da ke turo narkakken dutse daga can cikin ƙasa, ya haifa. An daɗe ana ɗaukar murhun nan a kafe yake wuri guda. Hawayi tana kan digiri 19 arewa. Sawun da ke jikin tsaunin Detroit, mai shekara kusan miliyan 80, ya ce shi sama da digiri 30 aka haife shi. Ashe murhun ma tafiya ya yi. Wannan bin sawu ne tsantsa: daga inda aka taka aka gane inda aka fito.

12/ Wani abu a gefe. Hazon hunturun da ke busar mana da leɓe, wani kasonsa ba ya tsayawa sai a Atilantika. Jan da ke cikin ƙurar tsatsar ƙarfe ce, tana da nata halin maganaɗisu, kuma a lakar da aka haƙo a gaɓar yammacin Afirka ana bambance zamanin da Sahara ta bushe ta tura ƙura da yawa da zamanin da ta yi kore. Wannan reshen ba ruwansa da inda aka dosa, irin ma'adinin da yawansa yake dubawa. Shi "halin maganaɗisun laka" zan kira shi, kada a cusa komai cikin sawu.

13/ Inda sunan ke da rauni, na yarda: dogo ne, kalma uku. Amma ƙirga gaɓoɓin faliyomaganetizim ka gani ko ta fi shi gajarta. A jarrabawa kuma ɗalibi zai ci karo da ta Turancin, ko ta Faransancin in a Damagaram ko Maraɗi yake, don haka malami ya ambace ta sau ɗaya a farkon darasi, ya ci gaba da tamu.

Roƙo ɗaya: a rubuta "sawu", kada a rubuta "sau". Na san da yawa haka muke furtawa, amma "sau maganaɗisu" zai sa mai karatu ya tsaya jiran adadi.

14/ Saura guda da ban warware ba, wato sunan juyawar kanta. Na rubuta "juyin arewa" a darasin, na goge, na sa "kifewar maganaɗisu", na sake gogewa, domin kifewa tana nuna abu ya faɗi farat ɗaya, alhali wannan yakan ɗauki dubban shekaru, ƙarfin ya ragu sosai tukuna, allura ta yi ta yawo, kafin ta zauna a ɗaya gefen. Malaman Hausa da na kimiyya, da 'yan'uwa na Nijar da zangon Kumasi, in da wata kalma a bakinku mai nuna juyawa a hankali har gaba ta koma baya, ku ajiye mini ita a ƙasa. Ranar Litinin zan shiga aji.