Zan je biki wani ƙauye a Indiya, me ya kamata in shirya?

Baban Ilham:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka shiga lungunan Indiya, ba waɗanda suka tsaya asibiti a Delhi suka juyo ba. Akwai wani Ba'indiye da muka yi shekara tara muna aiki tare a masaƙa, a hannunsa na koyi gyaran inji. Ya koma gida tuntuni, yanzu zai aurar da 'yarsa a watan Janairu, ya ce in ban zo ba to babu ni babu shi. Ƙauyensu yana gundumar Azamgarh, jihar Uttar Pradesh. Biza ta fito, na sayi tikiti zuwa Delhi, zan sauka saura kwana biyu biki. Daga Delhi ɗin ne kaina ya kulle. Sannan mutumin nan Hindu ne, ina tunanin abinci da salla. Indiyancina kuma bai wuce na fim ba.

Tsohon Ɗalibi:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Shekara huɗu na yi a Lucknow, babban birnin jihar, ina karatu, kuma na kwana ƙauyukan yankin ba sau ɗaya ba. Gaskiya ɗaya ce: kwana biyun nan sun yi kaɗan, in da hali a matso da tikitin.

Dalilina hazo ne. Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu wani farin hazo mai laima yakan rufe arewacin Indiya, mutum ba ya hango abin da ke gabansa taku ashirin. Jirgin ƙasa sai ya koma tafiyar hawainiya, na sama ma a ɗage shi. Na taɓa zama a tasha tun isha'i har hantsi ina jiran jirgin da allo ke ta cewa saura awa ɗaya.

Daga Delhi zuwa Azamgarh kusan kilomita 800 ne. Akwai jirgin ƙasa mai suna Kaifiyat Express da ke zuwa can kai tsaye, kwana ake yi a hanya. Ku nemi ajin 3AC ko 2AC, wato rufaffun taragu masu AC, za a ba ku bargo da matashi. Kada arha ta ja ku zuwa Sleeper a wannan sanyi, tagoginsa ba sa tare iska. Tun Nuwamban 2024 kwana 60 kafin tafiya ake buɗe sayar da tikiti, kuma Janairu lokacin bukukuwan aure ne, kujeru ba sa daɗewa. Abokinku ya yanka muku ta IRCTC, shafin sayar da tikitin jirgin ƙasa, daga can, da sunanku yadda yake a fasfo. Ku duba da kyau: in kun ga WL a jiki, layin jira kuke, ba ku da gado tukuna. In kuɗi ba matsala ba ne, ku hau jirgin sama zuwa Varanasi, daga nan kamar kilomita 100 ne a mota.

Amma wahalar duk tana gaɓar ƙarshe, daga gari zuwa ƙauye. Motocin ƙauye da kekuna masu ƙafa uku sukan ja baya da zarar duhu ya yi, ga ƙauyuka masu suna iri ɗaya barkatai. A rubuto muku sunan ƙauyen da na kasuwa mafi kusa da rubutun Hindi, ku buga a takarda. Mafi alheri dai a turo yaro ya tarye ku a tasha, wannan ba roƙo ba ne a wajensu, girmamawa ce. Can Bhojpuri suke yi a gida, Indiyancin fim zai sama muku ruwan sha da dariya kawai.

Batun salla kuwa, kada ku fuskanci gabas! A Indiya alƙibla yamma take. Ranar farko na tayar da kabbara ina kallon gabas bisa sabo, sai da abokin ɗakina ya juya ni. Musulmi suna da yawa a Azamgarh, masallaci ba zai yi wuya ba, sai dai yawancinsu Hanafawa ne, za ku ga suna jinkirta la'asar.

Maman 'Yan Biyu:

Malam ya gama magana kan hanya, bari in taɓa jaka. Alhaji, katin rigakafin cutar shawara ya zama yana cikin fasfo, kuma allurar ta kai kwana goma kafin ku sauka. In babu shi suna iya killace mutum har kwana shida, biki ya wuce ke nan.

Don Allah kada a saka kilishi a kaya. An hana yanka saniya a Uttar Pradesh, kuma maganar naman shanu tana tayar da fitina ta gaske a ƙauyuka. Abincin gidan biki kuwa ku ci hankali kwance, galibi ba nama: shinkafa, gurasarsu roti, miyar dal, dankali, kayan zaƙi har sai kun ce a'a. Kayan leda mai ɗigon kore a jiki babu nama a ciki. Ruwa ne abin tsoro. Na roba wanda ba a ɓalle murfinsa ba, ko tafasasshe. Ni ruwan tuƙa-tuƙa ya kwantar da ni kwana uku a wani ƙauye, da ƙyar na iya hawa mota.

Kuɗi, ku canza tun a birni ku nemi ƙanana, rufi 50, 100, 200. Kowa a can da waya yake biya ta UPI, har mai shayi, amma wannan galibi sai mai asusun bankin ƙasar, kuma mai shagon ƙauye ba ya son ganin 500. In wani ya miƙo takardar 2000 kada ku karɓa, tun 2023 aka janye ta. Gudummawar biki a ambulan ake bayarwa, kuma ana ɗora rufi ɗaya a kai, 1,001 ko 2,101, cikakken lamba ba ya musu daɗi.

Rigar sanyi mai kauri da safa da hula. Dare yakan sauko digiri biyar, gidajen ba abin ɗumama ɗaki, kuma ɗaurin auren nasu tsakar dare ake yi a fili.

Abu Sadik:

Abu ɗaya aka manta, kuma shi ne mai jawo magana da 'yan sanda. Duk otal ɗin da ya sauki baƙo ɗan ƙasar waje, doka ta ce ya sanar da hukuma cikin awa 24, takardar da aka fi sani da Form C, kuma ko a gidan mutum aka sauka ana iya neman ta. Otal sun saba, mutumin ƙauye bai ma taɓa ji ba. A tuna masa tun yanzu, kuma ya kai ku ku gaisa da pradhan, wato shugaban ƙauyen. Ni da ni ne ma, otal zan kama a cikin Azamgarh ina zuwa ina dawowa.

Tsohon Ɗalibi:

Batun takarda gaskiya ne, amma otal ban goyi baya ba. Mutum ya kira ka daga wata duniya, ka ce ba za ka kwana gidansa ba? Zai ji ciwo. Kuma wa zai mayar da Alhaji gari ƙarfe uku na dare cikin hazo? A dai sayi layin Jio ko Airtel tun a Delhi da fasfo da hoto, don a ƙauye ba mai iya yi wa baƙo rajista. Lambar gaggawa 112 ce. A kuma yi nesa da karnuka.

Baban Ilham:

Allah ya saka da alheri. Na kira kamfanin jirgi, an matso mini da tafiyar da kwana uku. Abokina ya ce ɗan ƙaninsa zai jira ni a tasha, da na ambaci Form C kuwa shiru ya yi, sannan ya ce gobe zai je ofishin 'yan sanda ya tambaya. Kilishin da uwargida ta riga ta ɗaure, yara sun gama da shi ɗazu. Hajiya, ita amaryar fa, atamfa za ta yi mata ko in tsaya a ambulan?