Neman shawara: Na kai zango na 4 a Supernatural, in ci gaba da sharhin ko in ajiye?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don Allah a sake min wannan, shawara nake nema.

Wata huɗu ke nan ina rubuta sharhin Supernatural a shafina na Facebook, duk Asabar. Ga wanda bai san shi ba, fim ne mai dogon zango na Amurka da aka fara haskawa a 2005. Labarin wa da ƙani ne, Dean da Sam Winchester, waɗanda wani shaiɗani mai idanu ruwan ɗorawa ya ƙone mahaifiyarsu tun Sam yana ɗan wata shida. Uban ya tashe su a kan hanya, gari ya gari, cikin baƙar motarsa Chevrolet Impala ƙirar 1967, suna farautar fatalwa da dodanni. Na gama zango uku, kashi 60 cif, kuma rubutun ya karɓu fiye da zatona. In Asabar ta wuce ban saka ba, har ta akwatin saƙo ake biyo ni.

Shekaranjiya na buɗe zango na 4. Dean da aka jefa wuta a ƙarshen na 3 ya tono kansa daga kabari, can sai ga wani mutum cikin doguwar kwat, wai shi mala'ika ne mai suna Castiel, shi ya tsamo Dean daga wuta bisa umarnin Ubangiji. Gabana ya faɗi. Su fatalwa da masu shan jini na ɗauke su kamar Dodo a tatsuniya, amma mala'iku imani ne. Yaron da yake tura min fim a waya dariya ya yi, ya ce ai ban ga komai ba tukuna.

To in ci gaba ko in tsaya? In na tsaya, me zan ce wa masu bibiyata? Ku faɗa min abin da ke gaba, ban damu da a kwance min labarin ba. Gara in san zurfin ruwan kafin in sa ƙafa.

Wani ɗan uwa daga Kano:

Malam, kai da ka kalli kashi 60 ana binne akwatin tsafi a mararraba ana sayar da rai, yau ne ka tuna da tsoron Allah? Wasa nake, kada ka yi fushi. Bari manya su zo.

Wani dattijon zaure, wanda ya kalli duka:

Wa alaikumus salam ƙanena. Tunda ka ba da izini, bari in buɗe maka tukunyar. Wanda bai so ya ji, ya tsallake.

Fim ɗin zango 15 ne, kashi 327, an rufe shi a Nuwamban 2020. Wanda ya ƙirƙire shi, Eric Kripke, ya jagoranci zango biyar na farko, ya ƙulle labarinsa a 2010, sannan ya miƙa wa wasu. Shi ya sa duk inda masoyan fim ɗin suka taru za ka ji ana cewa a tsaya a na 5. Wannan shawara ce ta masu duba daɗin labari, kuma ta wannan fuskar gaskiyarsu ne, ni ma a wajena na 4 da na 5 su ne ƙololuwar fim ɗin. Sai dai kai ba daɗin labari ka tambaya ba, don haka ba za ta yi maka amfani ba.

Abin da ke damunka a na 4 ɗin yake farawa, kuma ba ya raguwa. Mala'ikun fim ɗin suna ƙarya, suna ƙulle-ƙulle, suna kashe juna. Kafin zangon ya ƙare za a kawo wani marubuci mashayi mai suna Chuck a ce wai annabi ne. A na 5 za a ce Mika'ilu yana buƙatar jikin Dean, Lucifer, wato Iblis ɗinsu, yana buƙatar jikin Sam, don su gwabza yaƙin ƙarshen duniya. Kuma ka tuna ɗan shaƙiyancin nan da ya sa Dean ya yi ta mutuwa ranar Talata, Sam yana farkawa a ranar da ba ta wucewa? A zango na 5 za a ce maka wai Jibrilu ne ya ɓad da kama. Ka ga ashe tun a zango na 2 ka gan shi, ba ka sani ba.

Na 11 ne ya fi muni. A nan aka fito fili aka ce Chuck ɗin nan shi ne Ubangiji, wa'iyazu billahi, har aka yi masa 'yar uwa. A na 15 kuma shi ne mugun da ake yaƙa, har aka ƙwace ikonsa. Ni dai na kalla har ƙarshe, ba kuma ina alfahari ba ne. Da wani ya zaunar da ni kamar yadda nake zaunar da kai yau, a kashi na 60 zan tsaya. Ƙarshen na 3 ba daɗi, Dean yana wuta yana kiran sunan ƙaninsa, kuma zangon gajere ne, kashi 16 kawai saboda yajin aikin marubuta da aka yi a Amurka a lokacin. Amma nan ne iyakar fim ɗin farautar dodanni. Daga can wani fim ne daban.

Wata 'yar uwa, malamar Islamiyya:

Ɗan uwa, ni ba mai fatawa ba ce, ka kai maganar gaban malamin da ka yarda da iliminsa. Amma abin da na sani zan faɗa. Suratut Tahrim aya ta 6 ta siffanta mala'iku da cewa ba sa saɓa wa Allah a abin da Ya umarce su. Suratun Nisa'i aya ta 140 kuma ta hana zama a wurin da ake izgili da ayoyin Allah. Ka auna abin da Baba ya lissafa a sama da waɗannan biyun.

Sannan ka raba abu biyu. Kallonka kai kaɗai a ɗaki daban, rubutun da yake jawo wasu daban. Yaro ɗan sakandare zai karanta sharhinka ya ji daɗi, gobe ya tafi wajen mai turi ya ce a zuba masa duka 15. Shi ba zai zo nan ya nemi shawara ba.

Wani ɗan uwa Kirista daga Jos:

Bari in sa baki, don kada a ɗauka wannan koyarwar addininmu ce. Ba ita ba ce. Sun ɗebi wasu abubuwa daga littafin Wahayin Yahaya, kamar mahaya dawakai huɗu da ke zuwa a zango na 5, suka cakuɗa da tatsuniyoyinsu da abin da ransu ya so. Sunan Castiel ma babu shi a Littafi Mai Tsarki. Ni kaina da na kai wurin Chuck kashewa na yi. Abin da ya riƙe ni tun farko shi ne zumuncin yaran nan biyu da tatsuniyoyin ƙauyukan Amurka, irin su mace mai farin kaya a bakin titi da wadda ake kira a madubi.

Wani matashi daga Zariya:

Ni ban yarda da tsayawa ba, ku yi min afuwa. Mu nawa ne muka kalli fina-finan Indiya ana rawa a gaban gunki, muka tashi muka yi sallarmu? Wanda ya san aƙidarsa fim ba zai girgiza shi ba. Kuma in duk masu hankali suka janye, wa zai yi wa yaran bayani? Suna kallo ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba. Gara ka ci gaba, duk inda aka zo da ɓarna ka nuna ta. Ballantana a na 5 ne ake biyan duk bashin da labarin ya ɗauko tun kashin farko. Wurin da Sam ya hango ɗan sojan roba da ya cusa a motar tun yana yaro, tunanin yarintarsu ya dawo masa har ya ƙwace jikinsa daga Lucifer, wallahi ban taɓa ganin an rufe labarin 'yan uwantaka haka ba. A ce mai sharhi bai ga wannan ba?

Malamar Islamiyya:

Ƙanena, ba ɗaya ba ne. Ɗan Indiya abin bautarsa yake nunawa, kowa ya san ba namu ba ne. Nan kuwa sunan Jibrilu da Mika'ilu aka ɗauka, waɗanda muka yi imani da su, aka jingina musu abin da ko mutumin kirki ba za a jingina wa ba.

Wani mai aikin fassara daga Maraɗi:

Ni wata gaɓa zan taɓa, domin ina karanta sharhin naka kuma da ma ina neman inda zan yi maka gyara. Kana kiran komai aljani. Wannan kuskure ne, kuma ya fi kusa da cutar da mai karatu fiye da yadda kake zato.

Masu baƙaƙen idanun nan da ke shiga jikin mutane kamar hayaƙi, fim ɗin da kansa ya faɗa a zango na 3, ta bakin wata daga cikinsu mai suna Ruby, cewa rayukan mutane ne da azabar wuta ta mayar haka. Aljani a wurinmu halitta ce daban, daga harshen wuta aka yi shi kamar yadda ya zo a Suratur Rahman, kuma a cikinsu akwai musulmi akwai kafiri. In ka ce musu aljanu, ka koya wa yaro cewa mutum yana mutuwa ya zama aljani. Ka ce shaiɗanun fim, ka bayyana yadda su suka ƙaga su. Haka karatun Latin da suke yi don fitar da su, na ga ka rubuta ruƙiyya. Ba ruƙiyya ba ce, addu'ar korar shaiɗan ce irin ta cocin Katolika da suka ara.

Abin dariyar ma, sun kawo wanda suka kira aljani da sunansa, a kashi na 20 na zango na 2. Wani mai zane a jiki da shuɗin ido, yana jefa mutum cikin mafarkin rayuwar da yake buri, shi kuma yana zuƙe masa jini, wai ana kashe shi da wuƙar azurfa da aka tsoma a jinin ɗan rago. Wace kaka ce a ƙasar Hausa za ta gane wannan a matsayin aljani? Ga ka da abin rubutu mai daɗi ka wuce shi a layi biyu.

Mayunsu ma ba mayu ba ne. Mayenmu kurwa yake kamawa. Nasu ƙulli suke yi da ƙashi da ganye su ɓoye a ɗakin mutum, wannan kuwa sammu ne, aikin boka. Gishirin da suke zubawa a bakin ƙofa da ƙarfen da fatalwa ke tsoro, camfin Turawa ne, sai ka ajiye shi kusa da namu ka gwada. Mararraba kuma ka ga mun yi tarayya, mu ma can ake kai tarkacen tsafi. In ka koma kashi 60 ɗin nan ta wannan hanya, kana da rubutun wata shida ba tare da ka taɓa zango na 4 ba.

Matashin Zariya:

Wannan kam na sara masa. Amma ina nan a kan bakana game da na 5.

Admin:

Na goge sharhi uku. Wanda zai kafirta ɗan uwansa saboda ya yi tambaya, ba a wannan zauren ba. Wanda kuma yake roƙon a tura masa fim ɗin, nan ba shagon turi ba ne.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, maganar Talatar nan ta kashe min jiki, don kashin yana cikin waɗanda na fi yabawa a shafina. Malama, zan kai wa limaminmu maganar bayan Magariba in Allah Ya yarda. Zango na 4 dai na goge shi daga wayar, kashi ɗaya na gani, ya isa. Ranar Asabar zan faɗa wa masu bibiyata dalili ba ɓoye-ɓoye, wanda zai tafi ya tafi.

Ɗan uwana na Zariya, ban ƙi taka ba, amma ni na san kaina. In na ce zan kalla don in yi gyara, a kashi na uku zan manta da gyaran.

Malam na Maraɗi, na duba, sau goma sha ɗaya na rubuta ruƙiyya. Zan bi su in gyara yau da dare. Da kashin aljanin nan zan fara sabon salon. Ka duba akwatin saƙonka, akwai kalmomi biyar da nake so ka taya ni nema musu Hausa, ta farko ita ce mutumin nan da yake rikiɗa ya zama kyarkeci in wata ya cika.