Gajerun kwasa-kwasan intanet: da wanne zan fara, kuma a ina?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Ina son in shiga irin gajerun kwasa-kwasan nan da ake yi ta intanet. Abu uku ne a raina: yadda zan iya tafiyar da kuɗina, tarihin siyasar Najeriya, sai kuma wani aikin hannu da zan riƙa yi a gida. Waya kawai gare ni, lokacina bai wuce awa ɗaya da dare ba, Turancina kuma daidai gwargwado. A ina ake samun na kyauta na gaskiya? Satifiket ɗinsu yana da wani amfani? Kuma zan iya haɗa ukun a lokaci ɗaya?

Mai Allo:
Wa'alaikumus salam Malam. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Ɗauki ɗaya, ka gama shi, sannan na gaba. Da yawa daga masu yin rajista ba wahalar darasi ke korarsu ba, tara kwasa-kwasai ne har su rasa na kamawa.

Kyauta iri-iri ce. OpenLearn na Open University ta Birtaniya kyauta ne daga farko har ƙarshe, yawancinsa rubutu ne, ana iya sauke kwas ɗin a karanta ba tare da data ba, kuma suna ba da takardar shaidar halarta ba ko sisi. Khan Academy ma ba a biyan komai. Alison karatun kyauta ne amma takardar ta kuɗi ce. A edX akwai zaɓin da aka rubuta wa "Audit", wanda zai ba ka bidiyo da karatu na wani ƙayyadadden lokaci, ba satifiket. Coursera kuwa tsarinsu yana canzawa, don haka karanta shafin kwas ɗin da kyau ka ga ko duka aka buɗe ko sashen farko kawai.

Kafin ka yi rajista duba jerin darussa, da adadin awannin da aka rubuta, da shekarar da aka sabunta shi. Da awa ɗaya a dare, nemi kwas na awa 8 zuwa 12, ka ƙara masa rabi saboda maimaita bidiyo da duba ƙamus. Rage ingancin hoto zuwa 360p. A ƙiyasi hakan yana cin megabait 300 a awa, 720p kuwa yakan kai kusan gigabait ɗaya, alhali malami ne kawai ke magana a gaban allo. Kunna rubutun ƙasan bidiyo, ka rage saurin magana zuwa 0.75 idan lafazin malamin ya yi maka nauyi.

Akanta Bazazzage:
Ɗan'uwa, fara da na kuɗi, don shi ne za ka ga amfaninsa tun a wata na farko. Sai dai ka shiga da sanin cewa yawancin waɗannan darussa don mutumin Amurka ko Ingila aka tsara su. Duk inda ka ga ana bayanin makin cancantar bashi, ko katin cin bashi, ko asusun ritaya na 401(k), wuce kawai. Abin da za ka tsaya a kansa shi ne kasafi, da ajiyar ko-ta-kwana, da hauhawar farashi, da yadda riba ke hawa kan riba.

Za su koya maka rabon 50/30/20: rabin kuɗin shiga ga buƙatu, kashi 30 ga sha'awa, kashi 20 ga tanadi. A gidaje da yawa a nan abinci kaɗai ya fi rabi, don haka kada ka tilasta wa kanka wannan rabon. Ga aikin da ya fi shi. Kwana 30 ka rubuta duk abin da ya fita daga aljihunka, har kuɗin adaidaita sahu da katin waya da cajin POS. Bayan nan ka jera manyan hidimomin shekara waɗanda kwas ɗin bai san da su ba: hayar gida da ake biya a dunƙule, kuɗin makaranta zango uku, kayan azumi, ɗinkin sallah, ragon layya, gudummawar biki da suna, da abin da ake aika wa iyaye. Raba kowanne gida 12. Haya ta N360,000 tana nufin N30,000 duk wata ba naka ba ne, ko da yana cikin asusunka. Kasafin mutane a nan yake rushewa: suna lissafin wata, hidimar shekara ta zo ta tarar da su hannu rabbana.

Darasin hauhawar farashi ka yi shi da alƙalami. Idan ka ajiye N100,000 ya zama N110,000 a shekara, amma kayan da kake saya da N100,000 sun koma N125,000, to ƙarfin kuɗinka ya ragu zuwa kashi 88 cikin ɗari. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30. Wannan lissafin ya shafi adashe ma: mutum goma masu zubin N20,000, mai kwasar farko da mai kwasar ƙarshe duk N200,000 za su karɓa, amma ba buhunan masara ɗaya za su saya da shi ba.

Sauran sai ka cike da kanka daga shafukan hukumominmu. Fanshon ma'aikaci a dokar 2014 kashi 8 ne daga albashinsa, kashi 10 daga mai aikin, hukumar fansho ta PenCom ke sa ido. Hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, tun 2024 tana lamunce ajiya har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙaramin banki. Mai gudun kuɗin ruwa yana da bankunan Jaiz da TAJ da Lotus, da kuma sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, na gwamnatin tarayya da aka fara a 2017. Zakka ma ka sa ta a lissafi, kashi 2.5 idan dukiya ta kai nisabi ta kuma shekara.

Abu na ƙarshe, kuma a kansa na fi damuwa. Duk "kwas" da ya ƙare da cewa ka zuba kuɗi a wani dandali, talla ce. Dandalin zuba kuɗi na MMM ya yi alƙawarin ribar kashi 30 duk wata kafin ya rufe asusun mutane a Disambar 2016. Lissafa da kanka: N100,000 a wannan ƙa'ida zai haura naira miliyan 2.3 a shekara ɗaya. Babu kasuwancin halal da ke ba da haka. Duba sunan kowane kamfanin zuba jari a rajistar SEC, hukumar kula da harkar zuba jari, kafin ka ba shi ko kwabo.

Malamin Tarihi:
Malam Akanta ya yi gaskiya, sai dai a fannin tarihi matsalar ta fi haka. Gajeren kwas mai kyau a kan siyasar Arewa ba shi da yawa a manyan dandalin nan. Abin da za ka fi samu shi ne na mulkin mallaka ko samun 'yancin Afirka gaba ɗaya, inda Najeriya ba za ta wuce darasi ɗaya ba. Yi shi don ka koyi yadda ake auna hujja, sannan ka haɗa da kundayen darasin tarihi da kimiyyar siyasa na jami'ar karatu daga gida ta NOUN, waɗanda ake saukewa kyauta. Idan ka buɗe asusu a JSTOR, rumbun maƙalolin masana na intanet, kuma za ka iya karanta maƙaloli da dama duk wata ba biya.

Ja layi uku a littafinka: shekara, abin da ya faru, da wanda ya faɗa. Fara cikewa da jihadin 1804, faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, haɗewar 1914, tsarin mulkin Richards na 1946, na Macpherson na 1951, na Lyttelton na 1954, kafa jam'iyyar NEPU a Agustan 1950, mulkin kai na Arewa a Maris 1959, 'yanci a 1960, juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. Ba don hadda ba, don duk sabon labari ya sami inda zai zauna.

Ga hanyar gwada malami. Duba yadda ya kawo shekarar 1953, lokacin da Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudurin neman a ba Najeriya mulkin kai nan da 1956, Sardauna ya nemi a jinkirta sai an shirya, aka kuma yi rikicin Kano a watan Mayu. Idan ya taƙaita shi da cewa wani ɓangare ba ya son 'yanci, bai yi aiki ba. Dole ya kawo tsoron da shugabannin Arewa ke yi na ƙarancin 'yan boko da ma'aikata, ya kuma nuna cewa Arewar ba murya ɗaya take da ita ba. Takaddamar NEPU da NPC, jam'iyyar Sardauna, a kan ikon En'e ce, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, da kotunan alƙalai, da haraji da jangali, biyun ƙarshen da gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke a Kano da Kaduna a 1979. Kada ka tsaya a iyaka kuma: a Nijar jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta yi kiran a ƙi tayin Faransa a ƙuri'ar raba gardamar 1958, ba ta yi nasara ba, aka haramta ta a 1959. Jera labaran biyu kusa da juna, za ka fahimci kowanne fiye da da.

Hajiya Mai Sabulu:
Ƙanina, aikin hannu ba a koyonsa da kallo. Kalli bidiyon sau ɗaya, tanadi kaya, sannan ka sake kunnawa kana yi kana tsayar da shi. Kada ka sayi kayan aiki da yawa kafin ka gama darasi na uku.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne awo. Idan gashin kek ne, zafin 350 ɗin da suke faɗa ma'aunin Amurka ne, a namu kusan 180 ne, kofinsu na fulawa kuma kusan giram 125. Idan sabulu ne, sayi ƙaramin sikeli ka manta da gwangwani. Kowane mai da adadin sodar sabulu (caustic soda) da yake ci: kilo ɗaya na man kwakwa yana son kusan giram 180, na zaitun kusan 135. Wanda ya musanya mai da alayyadi ko manja bai sake lissafi ba, ko dai sabulun ya yi gautsi yana cin fata saboda soda ta yi yawa, ko ya yi laushi yana tsatsafo mai. Akwai shafukan lissafin soda na kyauta, sa sunan man da nauyinsa su ba ka adadi. Soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kan soda. Sa safar hannu da tabarau, yi a waje mai iska, ba a tukunyar alminiyam ba, yara kuma su yi nisa. Fara da giram 500 na mai, ka bar sabulun ya sha iska mako 4 zuwa 6 kafin a yi wanka da shi.

Lambu ma haka. Kalandar shukarsu ta ƙasashen ƙanƙara ce. Tumatir a wajenmu lokacin sanyi ya fi yi, don idan zafi ya tsananta fure zubewa yake yi ba ya ɗaure 'ya'ya.

Ɗan Fagge:
Allah Ya saka da alheri. Zan fara da na kuɗi. Saura batun satifiket, in biya ko in bari?

Mai Allo:
A waɗannan ukun, bari. Takardar ba ta zama a madadin difloma ko digiri ba, kuma ba wanda zai tambaye ka shaidar iya kasafin gidanka. Ana biya ne idan kwas ɗin na aikin da kake nema ne. Ko a nan ma fara neman tallafi: a Coursera akwai "Financial aid" a shafin kwasa-kwasai da yawa, ka rubuta dalilinka da hannunka, amsa takan ɗauki kusan mako biyu.

Ka kula da gwajin kyauta na kwana bakwai. Sai ka sa katin banki za a buɗe maka, kuma idan ba ka soke ba za a riƙa cire kuɗi duk wata. Sa ƙararrawa a wayarka a rana ta biyar. Goge manhajar ba ya soke biyan, sai ka shiga saitin asusunka, ko Google Play idan ta can ka yi rajista, ka soke, ka kuma ajiye saƙon tabbatarwa da za su aiko maka ta imel.