Tarin yarona ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko hayaƙin tuya ne?

Admin dan Allah a ɓoye sunana. Ina tuyar awara da ƙosai a gida safe da yamma, da icce nake yi, kicin ɗin na langa-langa ne ko taga babu, bango ya yi baƙi ƙirin. Yarona ɗan wata goma kullum yana goye a bayana don ba mai riƙe min shi, yau wata biyu kenan yana tari, mun sha maganin kemis har kwalba uku, sai ya lafa ya dawo, da daddare ƙirjin har ƙara yake. Surukata ta ce sanyi ne da haƙori, wai su ma cikin hayaƙin aka raine su. Ni dai hankalina bai kwanta ba, ko ni in na fyace majina baƙi nake gani. Ya zan yi?

Anti Nas: Baiwar Allah ki bar kemis haka nan. In ya yi barci ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya, yaron da ya kai wata biyu amma bai kai shekara ba in numfashin ya kai 50 ko ya wuce, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, alamar nimoniya ce, asibiti yau ba gobe ba. Ko bai kai ba ma tarin wata biyu ya isa a duba shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki na kashe mutum kusan miliyan 3 a shekara, kuma yara sun fi manya shaƙa tunda numfashinsu ya fi sauri.

Ɗalibin Kimiyya: Hajiya ba hayaƙin da ke sa ki hawaye ne kaɗai matsalar ba, akwai ƙananan ɓurɓushi da ake kira PM2.5, silin gashi ya ninka su kauri wajen sau 30, hanci ba ya tace su, har cikin huhu suke shigewa. A Kintampo ta Ghana an rataya wa mata masu ciki sama da 1,000 'yar na'ura tana auna abin da suke shaƙa, aka gano waɗanda suka fi shan hayaƙi jariransu sun fi raunin huhu. Ga kuma hazon hunturu, ƙurar da ke tasowa tun daga Bodele a Chadi, kin ga abu biyu sun haɗu masa.

Maman Biyu: Masu cewa ta sayi gas kun san nawa ake ci a awara kuwa? 'Yar uwa nima sana'ata kenan, fito da murhun tsakar gida, ki juya wa iska baya, busasshen icce kawai, kuma don girman Allah ban da hura wuta da leda ko tsohon silifas. Yaron ki samu 'yar maƙota ta riƙe shi awa biyun nan ko da ƙosan ɗari biyu ne ladanta.

Baban Yara: A ƙara da kaskon garwashi a ɗaki da janareta a bakin taga, iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, barci kawai mutum zai yi ya zarce.

Mai Tambaya: Innalillahi, kasko kam kullum da shi muke kwana. Na ƙirga yanzu, 54 na samu, na kira babansa yana tahowa da adaidaita.