Wai duniyoyi daga ƙura suke samuwa?

Mai post: Wallahi yau raina ya baci. Na ce wa abokai duniyoyi daga kura da gas suke haduwa a kewayen jaririn tauraro, sai suka yi ta min dariya kamar na zare. Alhali ga hoton wani jaririn tauraro mai suna HL Tau nan da na'urar hangen nesa ta ALMA da ke kasar Chile ta dauka a 2014, faifai ne zobe-zobe da gibi a tsakani, kowa ya je ya duba.

Ɗalibar physics: Kura kuma? Ta dawa? Malam ka sa wa k ɗinka ƙugiya.

Mai post: Wayata ba ta da su, ai kin gane nufina.

Babban Yaya: Ni ƙurar ce ma ban ga dalilin sa ta a gaba ba. Kusan kashi 99 cikin 100 na nauyin faifan gas ne, haidurojin da hiliyam, ƙura kashi ɗaya ce tak.

Ɗalibar physics: Yaya wannan kashi ɗayan ne ya zama ƙasar da kake takawa fa. Ƙwayoyi ne da ba su kai kaurin gashi ba, na dutse da kabon da ƙanƙara, suna ta mannewa da juna har su zama tsakuwa, a hankali su zama manyan duwatsu, shi kuwa gas cikin 'yan miliyoyin shekaru yake watsewa, duniyar Jupiter ce ta yi sauri ta kwashi rabonta tun kafin ya ƙare.

Sabon memba: Tsaya, in da ƙanƙara a ciki ai ba ƙura ba ce. Ƙura busasshiya ce.

Babban Yaya: Madalla ƙanena, ka faɗa mata.

Ɗalibar physics: Ɗazu ka ce ƙura kaɗan ce, yanzu kuma babu ita gaba ɗaya? Duk wanda ya taya ka shi ne ƙanenka.

Sabon memba: Ke ma ba da gyaran rubutun mutane kika fara ba?

Mai post: Jama'a ba wanda ya ce komai kan hoton fa.

Admin: To a tsaya haka. Abin da na fahimta shi ne faifan nan na gas ne kamar yadda Yaya ya yi bayani tun farko, kuma adadin da ya kawo ba wanda ya musa. Maganar ƙura har yanzu ba a daidaita ko sunanta ba.

Ɗalibar physics: Admin ai kai da Yaya ajinku ɗaya, mun sani.