Yaro ya shigo cibiya da wuƙa: a sallame shi ko a riƙe shi?

Malamin cibiya:

Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwana cikin Ubangiji. Ni ke kula da 'yar cibiyar matasa da ikilisiyarmu ta buɗe a wata unguwa da faɗan daba da shaye-shaye suka yi wa katutu. Da an tashi daga makaranta muke buɗe ƙofa, sai duhu ya kawo kai mu rufe. Ana bitar karatu, ana ƙwallo, akwai ɗinki da gyaran waya, sannan a yi addu'a a watse.

Makon jiya ana tsakiyar ƙwallo, wuƙa ta faɗo daga ƙugun wani yaro ɗan shekara 15. Ya sunkuya ya ɗauka, ya soke abarsa, ko a jikinsa, ya ci gaba da gudu. Ƙananan sun gani, kafin dare iyayensu sun ji. Yanzu kwamiti ya rabu biyu: wasu sun ce a sallame shi, wasu sun ce ai don irinsa aka buɗe wurin. Yaron nan shi ke riga kowa zuwa, shi ke ƙarshen fita. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Baba Dattijo:

Ɗana, sannu da hidima. Kafin kwamiti ya sake zama, ka zauna da yaron ka tambaye shi ta wace hanya yake bi ya zo. Kada ka fara da zancen wuƙar. Namu da muka kama da makami, da muka bi diddigi sai muka tarar tsakanin gidansu da cibiya akwai wani lungu da samarin wani gungu ke zama, kuma yayansa yana da tsohuwar gaba da su. Zuwa da komawa, dole ya ratsa ta gabansu. Ban ce wannan uzuri ne ba, domin wuƙar da aka ɗauko don tsoro ita ma tana kisa.

Mun karɓe wuƙar, kuma ba ma mayarwa. Sannan dattawa biyu suka ɗauki rakiya: da an tashi, su sa yaran wancan ɓangaren a gaba, su taka da su har bakin ƙofa. Ni ma na yi rakiyar nan da ƙafata. Ranar farko yaron yana tafe yana waige, hannunsa na dama yana ta kai wa ƙugu inda babu komai. Da muka iso lungun na gaida samarin da ke zaune, na tambayi biyu daga cikinsu lafiyar iyayensu, suka amsa kai a sunkuye. Ba a jima ba ƙanen ɗayansu ya fara binmu a baya, har ya zama ɗan cibiya.

Uwar yara:

Baba, a yi mini afuwa, amma bari in yi magana da bakin iyayen ƙananan, domin ina cikinsu. Duk lokacin da aka zo nan sai a kawo misalin tunkiyar da ta ɓata. Gaskiya ne. Amma Ubangijin da ya ba da wannan misali, shi ne ya yi maganar dutsen niƙa a wuyan wanda ya sa ɗaya daga cikin ƙananan nan tuntuɓe, kuma a babi ɗaya na Matiyu maganganun biyu suke.

A cibiyar da nake taimakawa an riƙe wani babban yaro, kowa yana murna ya daina faɗa. Ashe ya samu 'yan aike. Yaro ɗan shekara 10 ba wanda ke lalube aljihunsa a hanya, don haka su yake ba ƙullin ƙwaya su kai, ya saka musu da 'yan kuɗi. Ni na fara lura, domin ɗan maƙwabciyata ya koma tafiya irin tasa, kafaɗa a karkace, yana amsa wa uwarsa da ka. Da aka bincika jakarsa ta makaranta aka samu tiramol a cikin safa. Uwar ba ta sake taka ƙofar cocin ba har yau. In za ku riƙe yaronku, ku raba lokacin manya da na ƙanana tun gobe, ku kuma hana babba aiken ƙarami ko da ɗebo ruwa ne.

Malama mai aikin jin daɗin jama'a:

Mama, abin da kika gani masu bincike ma sun gani. A ƙarshen shekarun 1930 an fara wani shiri a garuruwan Cambridge da Somerville na jihar Massachusetts ta Amurka. Yara maza kimanin 500 aka raba biyu, rabi aka ba su masu ba da shawara, taimakon karatu da zuwa sansanin hutu, rabi aka bar su yadda suke. Wata malama, Joan McCord, ta bi sawunsu bayan shekara 30, ta fitar da sakamako a 1978: waɗanda aka taimaka sun fi ɗayan rukunin faɗawa cikin maimaita laifi, shan giya da mutuwa da wuri. Da aka ƙara duba bayanan, waɗanda aka tura sansani fiye da sau ɗaya su suka fi lalacewa. Bayanin da masana da yawa suka bayar shi ne, in ka tara yara masu taurin kai wuri guda, suna koya wa juna, suna yi wa juna dariyar yabo a kan ɓarna.

Na ga haka a wata cibiya da aka tura ni. Sun ware wa "yara masu matsala" aji nasu na yamma da kyakkyawar niyya, ajin ya zama wurin da yaran lungu daban-daban suka san juna suka ƙulla abota. Saboda haka, Malam, kada ku ware shi da irinsa. Ku sa shi cikin sa'o'insa masu natsuwa, su fi yawa, kuma a samu aiki a hannun kowa. Lokacin zaman banza shi ne lokacin haɗari.

Abu na biyu, ku ba shi babban mutum guda wanda zai daɗe. Binciken da aka wallafa a 2002 kan shirin Big Brothers Big Sisters na Amurka, mai haɗa yaro da babban mutum guda da zai riƙa kula da shi, ya nuna yaran da dangantakarsu da mai kula da su ta haura shekara guda su suka fi amfana, waɗanda tasu ta watse cikin wata uku kuwa baya suka ci. Wanda ya san zai bar unguwar nan kusa, kada ya karɓi yaron. Kuma duk zaman da za a yi da shi, ya kasance a inda wani babba yake ganinsu. Wannan kariya ce ga yaron da malamin duka.

Ɗan'uwa mai gyaran babur:

Ni ne irin yaron da kuke magana a kai. Ina ɗan shekara 16 aka kama ni da makami a cibiyar coci, aka dakatar da ni. Na fita ina zagi, na rantse ba zan sake komawa ba. Ran Asabar sai ga malamin namu a inda muke zama, cikin hayaƙin wiwi, da rigarsa a goge. Bai yi wa'azi ba. Ya tambaye ni jikin mahaifiyata, ya faɗa mini ranar da dakatarwar za ta ƙare, ya tafi. Wani sati ya sake zuwa. Abokaina suna yi masa ba'a, amma na ga yadda suke kallona, domin ba wanda ake zuwa nema a cikinmu sai in 'yan sanda ne.

Roƙona ɗaya. In yaron ya fara gyaruwa, kada ku yi saurin tsayar da shi gaban jama'a ya ba da shaida. Ana tafi a coci, shi kuwa da dare unguwar zai koma ya kwana. Waɗanda ya bari za su ji cewa ya yi magana, ba za su tsaya tambayar me ya faɗa ba. Fita daga daba ya fi shigarta wuya, kuma watannin farko su ne mafi haɗari. Ku bar shi ya janye a hankali da hujjar da za su karɓa. Tawa hujjar ita ce aiki: "Oga yana jirana a gareji."

Fada:

Ɗan'uwa ya taɓo inda nake so. Yohanna Bosco, wani fada ɗan Katolika, ya fara tara yaran titi a birnin Turin na Italiya a 1841, bayan ya ga yadda gidajen kurkuku suka cika da samari. Bai tsaya ga katekisma kaɗai ba. Yakan je wurin masu sana'a da kansa ya sa hannu a yarjejeniyar koyon aiki, kuma akwai ta 1852 da ke nan har yanzu, wadda ta ce maigida zai gyara yaro da baki ban da duka, ya kuma bar shi ya huta ranakun sujada. A zamaninmu, Fada Greg Boyle ya fara nema wa 'yan daba aiki a Los Angeles a 1988, abin da ya girma ya zama Homeboy Industries, inda tsofaffin abokan gaba ke aiki kafaɗa da kafaɗa. A namu wurin, kafinta guda mai haƙuri ya riƙe mana yara fiye da yadda duk tarukan farkawa suka yi. Nakan leƙa shagon ba tare da sanarwa ba, don maigidan ya san yaron yana da mai shi.

Malamin cibiya:

Na gode ƙwarai. Baba, batun hukuma fa? Wasu a kwamiti suna so a kai rahoto.

Baba Dattijo:

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ɗana, ku nemi wanda ya san taku ya faɗa muku abin da ya wajaba a kanku, ku rubuta, kowane ma'aikaci ya sani. Mu ƙa'idarmu ita ce, in an ji wa wani rauni, ko an ambaci sunan wanda za a kai wa hari, ko ana cutar da yaro a gida, magana ta wuce mu. Kuma tun kafin yaro ya buɗe baki muke gaya masa cewa akwai abin da ba za mu iya rufewa ba. Kada ka yi masa alkawarin sirri sannan ya ji zancen a bakin wani.

Uwar yara:

In za a karɓe wuƙar, a dakatar da shi na ɗan lokaci, a sa masa mutum, a kuma raba manya da ƙanana, ni zan bar 'ya'yana su ci gaba da zuwa. Amma Malam, kada ku aika wa iyayen da takarda. Ku kira su ku zauna, ku faɗi abin da ya faru ba tare da kama sunan yaron ba, ku faɗi matakan da kuka ɗauka, ku bar su su yi faɗansu har su gama. Sannan ku tambayi maza a cikinsu wa zai shiga rakiyar da Baba ya ambata, domin dattawa biyu ba za su iya ta kowace yamma ba.