Bashin NELFUND don karatun jarida, zai fid da ni kuwa?

Ɗan Samaru:
Salam jama'a. Na samu gurbin karatun jarida a jami'ar ABU Zariya, Baba ya ce ba shi da halin kuɗin rajista bana, sai dai in nemi bashin NELFUND, asusun gwamnati mai ba ɗalibai bashin karatu. Tsorona kar in gama in rasa aikin da zan biya da shi, ya kuke gani?

Yayan Kongo:
Ƙanena nemi abinka, babu ruwa a bashin nan, sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara cire kashi 10 cikin ɗari na albashi, ga dubu 20 ta kashewa da ake ba ɗalibi duk wata. Inda gizo ke saƙar shi ne albashin. Ni wani gidan rediyo na yi wa aiki wata biyar, kullum "a yi haƙuri talla ba ta shigo ba", har kuɗin mashin daga Tudun Wada daga aljihuna yake fita, alawus ɗin NYSC ma ya fi shi albarka wallahi.

Maman Ilham:
Kwalin kaɗai ba ya ciyar da kowa yanzu. Koyi ɗaukar hoto da tace bidiyo tun kana aji ɗaya, biki ɗaya a Sabon Gari ya rufa maka asiri.

Ɗan Samaru:
To Maman Ilham kyamarar fa, ita ma bashin zan ci?